Zuwa ga Rifkatu, a Kan Bindin Barsu

'Yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina roƙon Allah ya kai ki Abuja lafiya, ya tsare ki daga direba mai ganganci da mugun mutum a hanya, ya ba ki ɗaki mai kwanciyar hankali da maƙwabta na kirki. Zan sa wannan takarda a cikin jakarki, a ƙarƙashin ƙullin cittar da mamanki ta ɗaura miki, don kada ki gan ta sai kin sauka. Kin san halina. Baki ba ya yi mini aiki a gaban 'ya'yana, shi ya sa na ɗauki biro.

Shekaranjiya da muke cin abinci kika ce asibitin dabbobin da ya ɗauke ki aiki, mai wurin yana yanke wa karnukan masu kuɗi bindi don ado, kuma ke ba za ki riƙe masa almakashi ba. Mamanki ta ajiye cokali ta ce, "Aikin da kika yi shekara biyu kina nema, shi za ki zubar saboda bindin kare?" Ƙanena Danjuma ya yi dariya ya ce, "Ku tambayi babanta mana, ai shi ne tsohon sarkin yanka na Kafanchan." Duk kuka juyo kuna kallona. Ni kuwa na tashi na ce zan je in duba awaki, alhali awakin sun riga sun ci sun kwanta. Amsar da na gudu ban ba ki ba, ita ce wannan. Tana da tsawo, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

A ƙauyenmu, can gefen Nok, ban taɓa ganin kare mai bindi a gidan kakanki ba. Idan karya ta haihu, ana bari kwana uku, sai ya shimfiɗa buhu a bayan rumbu, ya ɗora bindin ɗan kwikwiyo a kan guntun icce, ya sauke wuƙa sau ɗaya, ya danna toka a wurin. Ɗan abin ya yi tsuwa, a mayar wa uwarsa, ta lashe shi, shi ke nan. Na koya a wurinsa kamar yadda na koyi yin kunyar citta. Ban taɓa cewa, "Baba, don me?" ba. Da na dawo Kafanchan na yi aure, na taho da abin a hannuna, mutane suka sani. Ranar Asabar da safe sai ki ga mutum ya zo da kwali a bayan mashin, 'yan kwikwiyo huɗu ko biyar a ciki. Ba na karɓar komai. Daɗin da nake ji shi ne a ce, "Ku kai wa Bulus, hannunsa ba ya kuskure."

Idan wani ya tambaye ni dalili, ina da amsoshi a shirye. Nakan ce kare mai bindi matsoraci ne, da ya ga abu sai ya cusa bindin a tsakanin ƙafafu ya gudu. Nakan ce akwai tsutsa a ƙarshen bindin da take hana kare ƙiba. Nakan ce wanda aka yanke wa ba ya yawon gari. Nakan kuma ce a farauta ƙaya da sarƙaƙiya suna yaga bindi. A cikin waɗannan duka, ta ƙarshen ce kaɗai na taɓa gani da idona, ita ma sau biyu ko uku a duk rayuwata. Sauran ji na yi ana faɗa, ni ma na faɗa. Kuma karnukan da nake yanke wa a Kafanchan, yawancinsu ba su taɓa shiga daji ba. Iyakarsu ƙofar gida da bola.

Mutum ɗaya ne ya taɓa tsayar da ni, Oga Emeka, maƙwabcinmu, wanda ya yi ritaya daga reluwe. Wata Asabar ya tsaya a bakin katanga da buroshi a baki, yana kallona ina aiki. Da na gama ya ce, "Bulus, ni ina da tambaya. Allah da ya yi kare, ya sa masa wannan abu a baya. Kai ne ka fi shi sanin inda kare ya kamata ya ƙare?"

Mutanen da ke wurin suka fashe da dariya, ni kuwa raina ya ɓaci. Na ce masa, "Oga Emeka, kai a kwatas ɗin reluwe aka haife ka. Ka taɓa bin gafiya a daji? Ka bar maganar kare ga masu kare."

Ya ce, "To, na bari," ya koma ciki.

Rifkatu, tambayarsa mai kyau ce, kuma ba ni da amsarta. Da na rasa amsa sai na kama asalinsa. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ina so ki kiyaye shi. A wurin aikinki za a yi miki tambayoyi. Wata za ta fito daga bakin mai shara, wata daga bakin Bafulatanin da bai taɓa zama a aji ba. Idan kika ji zuciyarki tana cewa, "Wannan me ya sani?" ki tsaya, don sau da yawa lokacin ne ke ma ba ki da amsa. Abin da malamanki suka koya miki ma, ki riƙa tambayar kanki dalilinsa. Ni na yi shekara fiye da ashirin ina zubar da jini a kan maganar da ban taɓa aunawa ba.

Yanzu na zo kan Barsu. Na san kin san zan zo kansa.

Kina aji huɗu a firamare karyar Oga Emeka ta haihu, matarsa Madam Ngozi ta ba ki ɗaya, ja mai farin ɗigo a ƙarshen bindi, kika sa masa suna Barsu. Kin shigo da shi a cikin siket ɗinki, ba ki ko gaishe ni ba kika ce, "Baba, wannan nawa ne. Kada ka yanke masa."

Na ce, "Na ji."

Kika ce, "A'a, ka ce ba za ka taɓa ba."

Na yi dariya na ce, "Ba zan taɓa ba."

Wata huɗu na riƙe maganar. Yana raka ki har bakin titi da safe, ya dawo ya kwanta a ƙarƙashin bencina. Idan na dawo daga gona, tun ina nesa nake ganin farin ɗigon nan yana kaɗawa. Gaskiya ina son karen, ko da yake ban taɓa faɗa ba. Amma abokaina suka sa ni a gaba. Ranar Lahadi bayan sujada muna tsaye a gindin mangwaro, wani ya ce, "Bulus yana yanke wa duk gari, nasa kuma yana yawo da bindi kamar tsintsiya." Wani ya ce, "Ai yanzu 'yar aji huɗu ce mai gida a can." Ba su nufe ni da sharri ba, wasa ne irin na maza. Amma na kai shi gida, na kwana da shi, na tashi da shi.

Ranar Talata kin tafi makaranta, mamanki ta tafi kasuwa. Na ɗauko adda, na jawo guntun icce. Ban ma sha wahalar kama shi ba. Kiransa na yi sau ɗaya, ya taho da gudu yana kaɗa mini bindin, ya kwanta a ƙafata. Wannan shi ne abin da har yau ba na son tunawa.

Na san bambancin ɗan kwana uku da ɗan wata huɗu. Na sani sarai, ƙashi ya riga ya yi ƙwari. Sara ɗaya bai raba ba, sai da na ƙara na biyu, yana ihu yana fizga. Jini ya ƙi tsayawa. Na danna toka, ta jiƙe. Na zuba baƙin mai na mashin, don haka na ga wasu suna yi. Da na sake shi ya shige bayan kicin, cikin ramin da ke ƙarƙashin itacen girki, ya ƙi fitowa.

Da kika dawo kin ga jini a ƙasa kafin ki ga karen. Ba ki yi kuka a gabana ba. Kin tsaya da jakarki a baya kika ce, "Baba, ka ce ba za ka taɓa ba."

Na ce, "Kare ne. Je ki cire yunifom."

Abin da na ce ke nan. Na juya kalmomin nan a kaina shekara da shekaru, ban sami hanyar da za su yi kyau ba. Na karya alkawarin da na yi wa 'yata don kada maza huɗu a gindin mangwaro su yi mini dariya, kuma ranar Lahadi ta gaba ko ɗayansu bai tuna da maganar ba. 'Yata, dariyar mutane ba ta daɗewa. Su suna mantawa kafin su kai gida. Wanda kika cuta don ki faranta musu shi ne ba ya mantawa. Kuma alkawarin da kika yi wa ƙarami, wanda ba shi da ikon kama ki, ki fi riƙe shi da ƙarfi, don ba wanda zai tilasta miki sai ke.

Kwana uku wurin ya kumbura, ya fara wari. Oga Emeka ya leƙo ya ce, "Bulus, ka kai wannan kare asibitin dabbobi. Zan ba ka mashin ɗina." Na ce masa na san aikina, zai bushe. Ba wai na yarda zai bushe ba ne. Tunanin da nake yi shi ne yadda zan tsaya a gaban malamin dabbobi, ni da ake kawo wa daga unguwa-unguwa, in ce na ɓata na gidana. Kwana shida ina zuba toka ina kawar da kai. Rana ta bakwai ina gona, ke da mamanki kuka sa shi a cikin daro, kuka rufe da tsohon zane, kuka kai shi da ƙafa.

Mamanki ta ba ni labari. Ta ce wani dattijo kuka samu, mai furfura, ya buɗe zanen ya ga tsutsotsi suna motsi a ciki. Ya yi masa allurar kashe zafi, ya wanke, ya ƙara yanke ruɓaɓɓen wurin, ya ɗinke. Ta ce kin tsaya kina riƙe kan karen tun daga farko har ƙarshe, ba ki kawar da ido ba. Da za ku tafi ya ce mata, "Ki gaya wa mai gidan ba faɗa zan yi masa ba. Wanda ya yi wannan ya riga ya san abin da ya yi. Amma in ya sake samun irin wannan, ya kawo ranar farko, ko da shi ne ya jawo."

Saƙon nan ya fi zagi shiga jikina. Da zagina ya yi, da na sami abin riƙewa in yi fushi. Abu biyu nake so ki ɗauka a nan. Ranar da hannunki ya yi kuskure, kuma zai yi, don ba mai aiki da wuƙa da allura da ba ya kuskure, ki faɗa a ranar. Ki je wurin wanda ya fi ki sani ki ce, "Na ɓata, a taimake ni." Kunyar rana ɗaya ce. Ni tawa kunyar, kare ne ya ɗauke ta a jikinsa har kwana shida. Na biyu, ki zama irin dattijon nan. Mutane za su kawo miki dabba a makare, bayan sun gwada toka da kalanzir da maganin maƙwabci. Idan kika wanke su da faɗa, gobe ba za su zo ba, kuma dabbar ce za ta mutu a bayan kicin.

Barsu ya warke, amma ba shi ne ya dawo ba. Bai sake zuwa kirana ba. In na shigo gida sai ya tashi ya koma wani lungu. Ke kaɗai yake yarda ki taɓa shi. Ya fara gurnani ga baƙi, ya fara kai cizo ga duk wanda ya bi ta bayansa. Kin san abin da na yi? Alfahari. Na riƙa cewa, "Kun gani? Da yana da bindi rago ne, yanzu ga shi ya zama kare." Tsoro ne ya cika shi, ni kuma ina kiran abin jarumta.

Bayan kamar shekara ɗaya, Madam Ngozi ta shigo aron turmi da rana. Matar da a ɗakinta aka haife shi. Yana kwance kusa da turmin, ta sunkuya ta bayansa, ya juyo ya kama ta a ƙwauri. Sai da aka yi mata ɗinki da allurai. Da na je duba ta, tana zaune ƙafa a kan kujera, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baban Rifkatu, ni na san kare. Kare in yana fushi ko yana tsoro, bindi ne yake gaya maka. In ya sauke, ka ja baya. Wannan na duba, ban ga komai ba. Ba shi da abin da zai gaya mini da shi."

Oga Emeka yana gefe. Ina jira ya tuna mini da tambayarsa ta bakin katanga. Bai yi ba. Ruwa ya kawo mini.

Abin da zan rubuta yanzu ba ki sani ba. Mamanki ma ba ta sani ba.

Mutanen unguwa suka fara magana, wasu suka ce akwai yara a layin, dole a yi wani abu. Na gaya miki Barsu ya ɓata. Na ce wataƙila ya bi wata karya ya rasa hanya. Ƙarya na yi. Ranar kasuwa, kina makaranta, na kira masu sayen karnukan nan da suke zagayawa da kejin ƙarfe a bayan mashin, na nuna musu inda yake kwance. Na fita ƙofar gida don kada in gani, amma na ji. Kin san inda irin waɗannan karnuka suke ƙarewa, ba sai na rubuta ba.

Kin yi sati biyu, kullum in kin dawo makaranta, kina bin layin dogo har wajen tsohuwar tasha kina kiran sunansa. Wata rana ma na raka ki. Na tsaya a bayanki, ni ma ina kira. Na san babu wanda zai amsa, amma na buɗe baki ina kira, don kada ki gane.

Na sha tsayawa a gaban ikilisiya ina koya wa matasa faɗin gaskiya, da wannan a cikina. Ba zan ba ki wata shawara a kan wannan ba. Ba ni da bakin da zan ba ki. Na dai ga bai kamata ki bar gidana kina ɗauke da labarin ƙarya ba.

Daga ranar da na sayar da Barsu ban sake yanke wa kare bindi ba. Amma kada ki ɗauka daga nan na yi hankali, don wani sabon kuskure na shiga. Na zama mai wa'azi a kan abin. Duk wanda ya zo da kwali ranar Asabar sai in tsare shi a ƙofa in wanke shi tas, in ce masa mugu ne, marar tausayi, kamar ba ni ne na yanke wa uwar 'yan kwikwiyon ba. Ba wanda ya canja ra'ayi saboda faɗana. Juyawa suke yi su tafi wurin wani a bayan kasuwa, wanda yake ɗaure bindin da roba ya bar shi ya ruɓe ya faɗi da kansa, kwana da kwanaki ɗan abin yana kuka. Da na zaunar da su na ba su labarin Barsu, wataƙila da wasu sun koma gida da karnukansu yadda Allah ya yi su. Amma ba da labarin yana nufin in faɗi laifina, zagi kuwa ba ya bukatar haka.

Sai maganar Zaki, karen farautar ƙanena Danjuma. Kina jami'a lokacin. Zaki ya shiga tarkon waya a gefen gonar citta a ƙauye, wayar ta kama shi a bindi, ya yi ta fizga har ƙashin ya farfashe. Danjuma ya kira ni a waya ya ce, "Yaya, ka zo ka duba. Rabin bindin ya mutu, in ba a cire ba zai hau."

Na ce, "Na tuba da wannan aiki."

Ya ce, "To in kai shi asibiti a cire?"

Na ce, "Kada ka bari kowa ya yanke masa komai. Allah ne ya sa masa. Ka wanke da ruwan gishiri ka ɗaure."

Ya ji maganata don ni ne babba, kuma ni ne wanda aka sani da sanin kare. Ruɓar ta hau har gindin baya. Kafin ya samo mota ya kawo shi gari, jikin ya riga ya ɗauki zafi, ya mutu a hanya. Danjuma bai yi mini magana ba sai da Kirsimeti. Dariyar da kika ji ya yi shekaranjiya, da ya kira ni sarkin yanka, akwai sauran wannan a cikinta.

Kin gani, na kashe ɗaya da yanka, na kashe ɗaya da ƙin yanka, kuma duka biyun ba karen nake kallo ba, kaina nake kallo. Da farko ina kare sunana na gwani, daga baya ina kare sunana na wanda ya tuba. Don haka, 'yata, kada ƙin abin nan ya zama miki wani abin taƙama. Akwai yankan da magani ne. In bindi ya karye ya ruɓe, ko ciwo ya ci shi, ki yi allura ki cire da hannu mai ƙarfi, kada ki yi jinkiri. Kuma in mafarauci ya zo ya ce miki ƙaya tana yaga wa karensa, kada ki yi masa kallon jahili. Ki saurare shi, ki duba karen, sannan ki yi magana. Ya san daji, ke kin san jiki, kowa yana da abin da zai koya wa wani.

Yanzu maganar aikinki. Mamanki tana so in ce miki ki yi shiru ki yi abin da aka sa ki. Kada ki ga laifinta. Ita ta san yawan buhun cittar da ta wanke ta shanya kafin ki gama karatu, tsoro take ji, ba rashin tausayi ba ne. Amma ba zan ce miki haka ba. Yanke wa lafiyayyen kare bindi don kawai mai shi ya ga hoto a waya yana so nasa ya yi kama, ni dai ban ga bambancinsa da abin da na yi a bayan kicin ba, sai dai ku kuna da allura da farar riga. Zafin zai ragu, amma karen zai rayu babu abin da zai yi magana da shi.

Sai dai ki bi a hankali. Kada ki jira sai an kwantar da kare a tebur, mai shi yana tsaye, sannan ki ce ba za ki yi ba. Wannan tozarta mai wurin ne a gaban baƙonsa, kuma ba babban da zai haƙura da haka. Ki same shi tun satin farko, shi kaɗai, ki gaishe shi da ladabi, ki ce, "Oga, duk aikin da ka sa ni zan yi, ko wanke keji ne, ko zuwa ranar hutu. Abu ɗaya nake roƙo a ɗauke mini, ga kuma dalilina." Kada ki ɗauka shi mugu ne. Wataƙila shi ma haka ya tarar ana yi, ba wanda ya taɓa tsayawa a bakin katangarsa ya tambaye shi. Masu karnukan ma ki yi musu bayani da fara'a. Wasu za su fasa, wasu ba za su fasa ba.

Akwai tambayar da za ta zo miki wadda ni ban san amsarta ba. Idan kika ƙi, mai karen ya fita ya nemi wani irina, mai adda da toka, me kika yi wa karen? Na yi ta juya wannan, ban kai ƙarshensa ba. Ke kika yi karatun, ke za ki ga karen da mai shi a gabanki. Ki auna, ki yi addu'a, kuma duk abin da kika zaɓa, ki tabbata saboda dabbar kika zaɓa, ba don a ce Rifkatu mai taurin kai ce ko mai biyayya ce ba.

In kuma ya kore ki, ki hau mota ki dawo. Ɗakinki yana nan. Mamanki za ta yi faɗa kwana biyu, a na uku ta dafa miki acha. Akuyoyi da aladu da kajin mutanen nan daga nan har Gidan Waya suna mutuwa don babu mai duba su, ba za ki rasa abin yi ba. Ba za ki taɓa jin na ce kin zubar da aiki saboda kare ba. Na taɓa ce miki "kare ne" sau ɗaya, ya isa.

Ranar da kika ce mana likitan dabbobi za ki karanta, kowa ya yi murna, ban da ni. Ban taɓa tambayarki dalili ba don ina tsoron amsar. Idan son dabbobi ne ya kai ki, na gode wa Allah. Idan kuwa akwai fushina a ciki, idan duk karen da kika ɗinke ni kike ba amsa, to ina roƙonki ki sauke wannan. Aikin yana da nauyi, ba sai kin haɗa da nawa ba. Laifin nawa ne, ki bar mini shi a nan Kafanchan.

Rifkatu, ki gafarta mini. Laifin alkawarin, da na kwana shidan, da na ƙaryar. Ba sai kin amsa da wuri ba. In kin kira ranar Lahadi kika ce a ba mamanki wayar kawai, zan gane, kuma zan ba ta. Zan jira har ranar da za ki ce a ba ni.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki. Ya kiyaye ki daga cizo da harbin dabba da ciwon da ake ɗauka a wurin aiki. Ya ba hannunki sauƙi, ya ba ki tagomashi a wurin manyanki, ya haɗa ki da ikilisiyar da za ta riƙe ki kamar gida. Ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Allah ya sa mu sake ganin juna da rai da lafiya, cikin sunan Yesu. Amin.

Ni ne babanki,
Bulus